Noman Azola a Ƙasar Madarunfa: Jagora Ga Mai Kiwon Kaji, Kifi da Awaki

Daga watan Maris har zuwa saukar ruwan farko, kiwo a ƙasar Madarunfa cin aljihu yake yi. Ciyawar daji ta ƙone, damin harawa ya yi tsada, tiyar dusa kullum sai hawa take, ƙuli-ƙuli kuwa mutane ma rububinsa suke yi, balle a zuba wa kaza. Kaji su rage ƙwai, akuya ta rage nono, ragon da ke turke ya tsaya cak. Abu biyu dabba ta fi rasawa a wannan tsakani: ɗanyen ganye da sinadarin gina jiki, wato furotin. Azola, wata ƴar ƙaramar shuka mai yawo a kan ruwa, tana da duka biyun, kuma ana iya noma ta a bayan ɗaki ko a gefen rijiyar lambu.

Sai dai mai niyyar farawa ya riƙe abu biyu. Azola mahaɗi ce, tana taimaka wa dusa da hatsi, ba ta zama a madadinsu. Shuka ta kuma aikin yini ɗaya ne, amma raya ta har ta ƙetare zafin bazara shi ne inda ake gane gwani.

Mece ce azola?

Tsiro ɗaya bai wuce farcen babban yatsa ba. Ganyayenta mitsi-mitsi ne, a jere suna hawan juna, kore shar idan tana cikin ƙoshin lafiya, da ƴan siraran saiwoyi masu reto cikin ruwa ba tare da sun kama ƙasa ba. Ba ta fure. Yawanci reshe ne yake ɓallewa ya zama sabon tsiro, kuma idan ta sami yadda take so tana ninka kanta cikin kwana 3 zuwa 5. Kada a rikita ta da kainuwa mai manyan ganye, ko da gansakuka mai yauƙi.

A cikin kowane ganye akwai ɗan kogo, inda wata ƙwayar halitta da masana ke kira Anabaena azollae take zaune, tana jawo sinadarin naitirojin daga iska tana ciyar da shukar. Irin aikin da ƙwayoyin da ke saiwar wake da gyaɗa suke yi ke nan. Shi ya sa azola ba ta buƙatar takin yuriya, kuma shi ya sa busasshiyarta take ɗauke da furotin kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna takin gonakinsu da ita. Wani littafin noma na ƙasar Sin da aka rubuta wajen shekara ta 540 ya ambace ta. A can aladu da agwagi ne suka fi cin ta. Gwajin da aka yi a Kolombiya ya nuna manyan aladu mata suna ɗaukar ta har kimanin kashi 15 cikin 100 na abincinsu, abin da ya wuce haka ciki ba ya narkar da shi sosai. Alade ba dabbar kiwonmu ba ne, amma darasin ya shafi kaza kai tsaye, domin ita ma ba ta tuƙa, cikinta ba ya iya da harza mai yawa. A yankinmu, ƙungiyar bunƙasa noman shinkafa ta Afirka ta Yamma, ADRAO, ta yi gwaje-gwajen azola a Richard-Toll ta ƙasar Senegal a shekarun 1980. Hanyar noma ta cikin rami da tamfol kuwa, wadda za a bayyana a nan, cibiyar Vivekananda Kendra da ke Kanyakumari a kudancin Indiya ce ta yaɗa ta.

A yi lissafi kafin a ɗauki shebur

Ɗanyar azola kusan duk ruwa ce. Idan aka shanya kilo ɗaya, abin da zai saura giram 50 zuwa 70 ne, furotin ɗin ciki kuma wajen giram 15. Kazar gidan gona mai ƙwai tana cin abinci giram 110 zuwa 120 a yini, tana buƙatar furotin giram 16 zuwa 18. Ke nan sai ta cinye kilo guda na ɗanyar azola kafin ta sami abin da jikinta ke nema, kuma babu kazar da ke da wannan cikin.

Kwami mai mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, idan ya kama sosai, yana ba da wajen rabin kilo kowace rana. A wata kilo 15 ke nan, wanda zai koma kimanin kilo ɗaya idan ya bushe, furotin ɗinsa kusan na rabin kilo na ƙuli-ƙuli. Duk wanda ya ce wa mai kiwo kwami ɗaya zai raba shi da sayen abincin kaji, romon baka ne. Ribar tana wani waje: ɗanyen ganye kullum, a lokacin da babu ko ƙwayar ciyawa a daji, ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Zogalen da ake nomawa a Jiratawa da kwarin Gulbin Maraɗi ya fi ta nauyin abinci, amma zogale yana da kasuwa, mutane ke ci. Azola ba ta takara da tukunyar gida.

Sai batun ruwa. Cika kwami irin wannan yana cin lita 400, wato duro biyu, a tsakiyar bazara kuma rana da iska kan iya shanye kusan lita 40 a yini. Mai lambu da rijiyarsa, ko gidan da ke da famfo ko rijiya a tsakar gida, shi wannan sana'a ta fi karɓa. Wanda sai ya sayi ruwa wajen ƴan garuwa, ya auna kuɗin jarka biyu kullum da abin da zai samu, ya ga ko ta biya.

Zaɓen wuri

Azola tana son haske, amma ranar tsaka tana ƙona ta. Wurin da ya dace shi ne inda hantsi yake faɗawa, daga azahar kuma inuwa ta rufe: gabas da katanga, ko gabas da babban itace. Gindin dogon yaro ko mangwaro yana da sanyi, sai dai ganyen da ke zubowa yana ruɓewa cikin ruwa, saiwa kuma tana huda tamfol. Abin da ya fi shi ne a kafa ƴar rumfa ta karan dawa ko gero, a jera karan sako-sako yadda rabin hasken zai ratsa. Da sanyi a rage karan, da bazara a ƙara.

Wurin ya zama shimfiɗaɗɗe, ba hanyar ruwan sama ba, kuma a kewaye shi da zana ko raga. Agwagi biyu sun isa su share kwami kafin a idar da sallar la'asar.

Yadda ake kafa kwami

Kayan da ake buƙata: tamfol ko leda mai kauri, mita 3 kowane gefe, tsofaffin buhuna, ƙasar lambu mai kyau kilo 10 zuwa 15, wato wajen bokiti guda, kashin shanu da ya kwana biyu kilo 2, takin sufa giram 30, kimanin cokalin cin abinci biyu, irin azola rabin kilo zuwa kilo ɗaya.

1. A haƙa rami mita 2 da mita 2. A Indiya zurfin santimita 20 suke yi, amma a ƙasarmu gara a kai 30, don a sami damar ƙara ruwa idan zafi ya tsananta.
2. A daidaita ƙasan ramin sosai, a tsince duwatsu da saiwoyi da ƙaya. Idan gefe ɗaya ya fi zurfi, ɗaya gefen zai riƙa bushewa.
3. A shimfiɗa buhunan, sannan a ɗora tamfol a kansu, bakinsa ya haura waje, a danne da bulo. Bakin kwami ya ɗan ɗara ƙasa tsawo, kada ruwan tsakar gida ya kwararo ciki. Inda gara ta yi yawa, a jera bulo a kan daɓe, a yi kwamin a sama.
4. A tankaɗe ƙasar, a baza ta ko'ina a kan tamfol. Rairayin tudu zalla ba shi da abin da zai ba shukar. Ƙasar fadama ko ta fangalin lambu ta fi.
5. A dama kashin shanun da sufa cikin ruwa lita 10, a tsame ciyayin da suka taso, a zuba a kwami.
6. A ƙara ruwa har zurfinsa ya kai santimita 10, wato faɗin yatsu biyar zuwa shida. A bar shi ya kwana, laka ta kwanta. Wannan kwanan yana kuma fitar da maganin da ake sa wa ruwan famfo.
7. Da sassafe ko da yamma a warwatsa irin a kan ruwa, a yayyafa masa ruwa da hannu don tsiran da suka kife su miƙe.

Cikin kwana 10 zuwa 15 za ta rufe fuskar ruwan gaba ɗaya. Kada a taɓa ta kafin nan.

Game da iri, mafi sauƙi shi ne a karɓa wajen wanda ya riga ya fara. Malaman gona na gunduma, da ma'aikatan cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, da malaman sashen noma na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, su ne waɗanda za a fara tuntuɓa. A tambayi irin da ke jure zafi: Azolla pinnata, wadda ke fitowa da kanta a ruwayen Afirka ta Yamma, da Azolla microphylla, sun fi Azolla filiculoides haƙuri da ƙasa mai zafi. A ɗauko irin cikin jiƙaƙƙen buhu ko kwando, da sanyin safiya. Idan aka ƙulle shi cikin leda aka ɗora a bayan babur da rana, kafin a iso ya dahu. Wanda aka tsamo daga tafki ko fadama, a wanke shi, a ajiye shi mako biyu cikin baho daban, ana tsince dodon koɗi, domin wasu ƙananan dodon koɗi su ne ke ɗauke da tsargiya da tsutsar hantar dabbobi.

Kula da girbi

Abin da azola ta fi yunwarsa shi ne sinadarin fosfarus, wanda ke cikin sufa da kashin shanu. Duk kwana 5 zuwa 7 a dama kashin shanu kilo ɗaya da sufa giram 20, a zuba ta gefe, a hankali, ba a kan ganyen ba. Kada a sa yuriya: gansakuka za ta taso ta shaƙe kwamin. Kada a sa toka, kada a yi amfani da ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri. Kashin kaji ma a bar shi wa lambu, tun da abin da aka noma bakin kaji zai koma, cuta na iya zagayowa.

Duk kwana 10 a kwashe kwatan ruwan, a zuba sabo. Wanda aka kwashe taki ne, a ba zogale ko tumatir. Duk wata a ɗebe ƙasa wajen kilo 5 a musanya da sabuwa. Bayan wata 6 a kwashe komai, a wanke tamfol, a sake sabon zubi.

Girbi kullum ake yi, da rariya ko kwandon roba mai ƙananan huji. A ɗebi wajen rabin kilo, sannan a baza sauran da hannu ta sake rufe ruwan. Mai jin tausayin ɗiba shi ke kashe kwaminsa: idan ta yi cunkoso, ta sama ta danne ta ƙasa, ta ƙasan ta ruɓe. Abin da aka ɗebo a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta sau biyu, warin kashin shanu ya fita, a bar shi ya tsane.

Abin da launinta ke faɗa

Mai kwami ya duba shi kowace safiya, domin azola ba ta ɓoye ciwonta.

Idan ta yi ja-ja ko ruwan goro, tsiran sun ƙanƙance, saiwoyi sun yi tsawo, yawanci fosfarus ne ya ƙare ko rana ta yi yawa. A ƙara sufa, a ƙara kara a kan rumfa. Da tsananin sanyin Disamba da Janairu ma takan yi ja, girmanta ya ragu; wannan ba abin tsoro ba ne, tana farfaɗowa.

Idan aka ga tabo-tabo baƙi ko ruwan ƙasa, yana faɗaɗa, da wari, to ruɓa ce, daga zafi da cunkoso. A kwashe wurin da ya kamu har da kewayensa, a sauya rabin ruwan.

Idan ganye ya manne da juna, aka buɗa aka ga ƴar tsutsa a ciki, ƴaƴan malam-buɗe-littafin dare ne. A tsince da hannu. Kada a fesa maganin ƙwari a kan abin da dabba za ta ci gobe. Idan sun yi yawa, a tsame tsiran da ba su kamu ba, a sake kwamin.

Da hunturu iska kan tattara ta gefe guda, ƙura kuma ta lulluɓe ganyen. Zana ta ɓangaren gabas da arewa tana tare iskar, yayyafin ruwa da safe yana wanke ƙurar. Da damina a yi wa bakin kwami ƴar mafita, a toshe ta da tsohon gidan sauro, ruwa ya fita, shuka ta tsaya.

Ƙetare bazara

Azola ta fi jin daɗi idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 20 da 30. Da ya haura 35 girma ya tsaya, idan ya daɗe a haka ta mutu. A Afrilu da Mayu zafin iska a jihar Maraɗi yana wuce digiri 40, ruwa marar zurfi a kan baƙar leda kuwa nan da nan yake ɗaukar zafi.

Tun daga tsakiyar Maris a kai zurfin ruwa santimita 20 ko fiye. A ninka karan rumfa, a rataya jiƙaƙƙen buhu ta yamma. A riƙa ƙara ruwan rijiya mai sanyi da azahar, lokacin da kwamin ya fi buƙata. A rage kashin shanu, domin da zafi yana saurin ɓata ruwa. A tsoma hannu da la'asar: idan ruwan ya yi ɗumi sosai, inuwar ba ta isa ba.

Duk da haka girbi zai ragu, wata shekarar ma kwamin ya tafi gaba ɗaya. Don haka a ware iri tun da wuri. A sami kwatarniya ko babban kasko na yumɓu, a zuba ƴar ƙasa da ruwa, a sa azola cikin tafi biyu, a ajiye a inuwa mai haske, kusa da randa. Yumɓu yana tsattsafo, ruwan cikinsa yana zama da sanyi. Maƙwabta uku ko huɗu, ko ƙungiyar mata masu kiwo, idan kowa ya riƙe kwatarniyarsa, da wuya iri ya ɓace wa gari.

Yadda ake ba dabbobi

Kowace dabba a fara mata da kaɗan, a cuɗe da dusar da ta saba, a riƙa ƙarawa cikin mako guda.

*Kaji da zabi.* Giram 20 zuwa 30 na ɗanya ga kowace babba a yini. Kwami ɗaya zai ishi kaji wajen 20. Abin da za a fara gani shi ne kwanduwar ƙwai ta ƙara ja. Ƴan tsaki a jira su yi mako uku. Mai haɗa abincin kajin gidan gona ya shanya ta a inuwa, ya niƙe, ya sa kashi 5 cikin 100 ga kajin nama, har zuwa 10 ga masu ƙwai. Da sikeli za a auna, domin busasshiyar azola ba ta da nauyi, tiya za ta yaudari mutum. Hatsi da garin ƙashi da allurar rigakafi kuma suna nan a matsayinsu.

*Agwagi.* Su ne suka fi kowa son ta, ɗanya, ba sai an haɗa da komai ba.

*Kifi.* Karfasa tana cin ta ɗanya a kan ruwa. A zuba abin da za ta cinye a yini, kada ta rufe fuskar tafkin kifi ta hana iska shiga. Tarwaɗa mai son nama ce, ba ta samun abin kirki daga ganye, sai dai ɗan gari kaɗan cikin abincinta.

*Awaki da tumaki.* Giram 300 zuwa 500 a yini, a cuɗe da dusa. Jar akuyar Maraɗi mai shayar da tagwaye za ta iya cinye girbin kwami guda ita kaɗai. Saniyar tatsa kuwa kilo ɗaya da rabi zuwa biyu take buƙata, kwami uku ko huɗu ke nan.

Hattara

Ruwa santimita 10 ya isa ya halaka yaro mai rarrafe. Shingen kwami ya kasance da ƙofa mai ɗauri.

Azolar da ta rufe ruwa ruf tana hana sauro yin ƙwai, amma kwamin da aka yi watsi da shi, rabi shuka rabi ruwa, matattarar sauro ce a cikin gida. Wanda ya gaji da aikin ya zubar da ruwan, ya naɗe tamfol.

Shukar tana tsotse dafin da ke cikin ruwa ta tara a jikinta. Ruwan marina, na majema, na garejin mota da na kwata, duk ba su da wuri a kwami.

Kada kuma a zuba ragowar azola a Tafkin Madarunfa, ko a gulbi, ko a magudanan ruwan noman rani na Jiratawa. Tafkin nan abincin masunta ne, mashayar dabbobi, masaukin tsuntsaye, wurin ziyarar kaburburan waliyyai 99, kuma a 2019 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A Afirka ta Kudu Azolla filiculoides, wadda aka shigo da ita daga nahiyar Amurka, ta toshe madatsun ruwa har sai da aka saki wani ƙwaro mai cin ta a 1997. Mutanen Haɗeja da Nguru ma sun san abin da ciyawar kacala ta yi wa ruwayensu. Rarar azola a shanya ta, ko a binne ta a fangali ta zama taki.

Yaushe za a fara?

Oktoba ko Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa. Zafi ya sauka, rijiyoyi cike suke, ga karan rumfa a gona, kuma mai koyo yana da wata huɗu na gane halin shukar kafin bazara ta gwada shi. A fara da kwami ɗaya. Idan girbi ya kankama, a raba kajin gida kashi biyu, a ba rabi azola, a bar rabi a kan abincinsu na kullum, a riƙa rubuta ƙwan kowane kashi da dusar da ya ci har wata biyu. Abin da takardar ta nuna shi zai faɗa wa mai kiwo ko ya haƙa kwami na biyu.